Ranar da Muka Fara Gwada Motar da Muka Haɗa a Jami'a

Injiniya Bala: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin bincike a kan mota mai haɗa fetur da lantarki a tsangayar injiniyanci su ba mu labarin ranar gwajinsu ta farko. Mu dai mun shafe watanni muna kwaikwayon tafiyar motarmu a manhajar kwamfuta mai suna Simulink, lissafi yana nuna komai lafiya lau, amma da muka hau titi, duk lokacin da injin fetur ya karɓi aiki daga injin lantarki sai ta zabura har ƙeyar direba ta bugi kujera. Ashe kuloci yana haɗa injinan biyu tun kafin saurin juyawarsu ya daidaita.

Maryam: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni a kan birki na yi aikina, wato tsarin da ke mayar da injin lantarki janareta idan an ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙa rage gudun mota yana cajin batir. Kuskurenmu shi ne mun cika batir fal a daren jajiberin gwaji don kada ya ba mu kunya. Ƙwayar batirin lithium irin tamu ba ta wuce volt 4.2, saboda haka da muka kama gangara, na'urar da ke tsaron batirin ta ƙi karɓar ƙarin wuta, riƙon da muke ji ya ɓace nan take, motar ta saki jiki da gudu. Ba don birkin ƙafa na asali da muka bari ba, da yanzu labarin ya sha bamban. Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ba sa barin batir ya cika ko ya ƙare ƙarƙaf.

Dakta Sani: Malama Maryam, kin tuna mini da ɗalibaina na farko. Su nauyi ne ya kayar da su, domin sun yi ta ƙara batir har bayan motar ya zauna, tayoyi suna gogar jiki a kowace kwana. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan watt-awa 12,000, alhali kilo ɗaya na batirin lithium mai kyau yana kusa da 250 ne kawai. Abin da ke ceton lantarki shi ne injinsa yana amfani da fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ba shi, shi kuwa na fetur wajen kashi biyu bisa uku yake zubarwa a zafi da hayaƙi. Game da zaburarka kuwa, Injiniya, Toyota ta kauce mata a motarta Prius mai haɗa fetur da lantarki tun 1997 da wata giya mai haƙora masu kewaya juna, wadda ke raba ƙarfi tsakanin injinan ba tare da an haɗa an raba ba.

Usman: Ranka ya daɗe, ni gwajina bai ma kai titi ba. Na cire fis na zaci wuta ta mutu, ban san kafasitoci, wato ƙananan ma'ajiyar wuta da ke cikin inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin lantarki ke amfani da ita), suna riƙe caji na ɗan lokaci ba. Sifana ta taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi, ta yi tartsatsi, bakinta ya narke. Har yau tana rataye a bangon ɗakin gwajinmu.

Injiniya Bala: Dakta, mu ba mu samu irin wannan giya ba, sai muka gyara manhajar ta jira juyawar injinan ta zo ɗaya kafin kuloci ya kama. Zaburar ta ragu ƙwarai, sai dai da sanyin safiya takan dawo.