Mata biyu aka kashe a garinmu, har yau shiru. Wa ke da alhakin bin maganar?

Ƴar Ƙauye:
Slm jama'a, don Allah masana doka ku taimaka. A ƙauyenmu nan jihar Bauchi (sunan garin a bar shi) daga daminar bara zuwa yanzu mata biyu aka tsinci gawarsu. Ɗaya mai tallan fura da nono ce, a gonar dawa aka same ta kan hanyar dawowa daga kasuwa, ƙwaryarta a kife takalminta ɗaya can gefe. Ɗayar kuma wata baiwar Allah ce mai taɓin hankali da take kwana a rumfar kasuwa, kowa ya santa amma ba wanda ya san danginta. Duka an kai rahoto, an kama wasu samari kwana biyu aka sake su, shikenan magana ta bi ruwa. Mu da ba dangi ba muna da hurumin tada maganar kuwa?

Baban Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƴar'uwa kina da hurumi, kisan kai laifi ne tsakanin mai laifi da gwamnati, ba sai dangi sun yi ƙara ba. Amma ki gane yadda abin yake tafiya. Ofishin DPO ba shi ne zai ƙarasa binciken kisa ba, kamata ya yi a tura fayil ɗin zuwa CID na jiha, wato sashen binciken manyan laifuka na ƴan sanda, a cikin Bauchi, daga nan sai ma'aikatar shari'a inda ofishin DPP (daraktan gabatar da ƙararraki na gwamnati) zai duba ya ce ko akwai hujjar gurfanarwa, sannan babbar kotu, don majistare ba ta da ikon yanke hukuncin kisa, ajiye mutum kawai take yi. To a kowace gaɓa sai an samu mai zuwa yana tambaya ina aka kwana, in babu sai fayil ya yi ta shan ƙura a kan tebur. Mai nono mijinta yana ruga, ƙila kuɗin mota zuwa Bauchi ma aiki ne a wurinsa, ga tsoron hukuma. Ita kuwa ɗayar ba ta da kowa. Ku samu mutum uku zuwa huɗu har da mai unguwa ku rubuta wa kwamishinan ƴan sanda takardar koke, ku kai kwafi ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kuma kada ku baro wurin sai an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin.

Anti Nas Gombe:
Ni a ɓangaren asibiti nake kuma inaga tun ranar farko ake rasa shari'ar nan. Kafin ƴan sanda su iso gari duk ya taru an tattake wurin, wani ya juya gawa wani ya kawo zani ya rufa, kafin la'asar an wanke an kai ta makwanci. Gaggauta jana'iza sunna ce ba wanda ya musa, amma likita ya duba ya rubuta abin da ya gani ai ba zai hana a binne ta ranar ba. Mutanenmu da sun ji binciken gawa sai su ɗauka yanka za a yi, alhali hoton raunuka da kayan jikinta da abin da ke ƙarƙashin farcenta ma hujja ne babba. In an wanke to wlh an wanke har da shaidar.

Sarkin Yaƙi:
Ku bar wahalar da kanku, masu tsafi ne, kuma akwai manya a ciki shiyasa ake shiru. Allah ya tona asirinsu.

Baban Hanif:
Amin, amma ɗan'uwa a yi hattara. Da an ce tsafi sai kowa ya naɗe hannu, ko kuma a je a far ma wata tsohuwa a ce mayya ce, an ƙara gawa ta uku kenan. Sau da yawa mai kisan wanda ya san hanyarta ne da lokacin dawowarta, shi ya kamata a fara tambaya: wa ya ganta ƙarshe, wane ɗan acaɓa ya ɗauke ta. Kuma in akwai fyaɗe a ciki, Bauchi ta sa hannu a dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane tun 2020, ku ambace ta a takardar.

Malam Na Bakaro:
A ƙara da wannan. A fiƙihun Malikiyya akwai ƙasama, rantsuwa 50 da waliyyan jini suke yi idan akwai alama mai ƙarfi kan wani amma shaidu ba su cika ba. Ka ga shari'a ba ta yarda jini ya tafi a banza ba. Wadda ba ta da waliyyi kuma hukuma ce waliyyinta, saboda haka dagaci da hakimi ba alfarma za su yi muku ba in sun shiga maganar.

Ƴar Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mai unguwa ya ce zai sa hannu in liman ya sa. Baban Hanif don Allah takardar da Hausa za mu iya rubutawa ko dole sai da Turanci? Kuma akwai wata yarinya da ta ce ta ga wanda ya bi mai nonon ranar amma uwarta ta hana ta magana, ita ya za mu yi da ita?