Fankshin da ba ta cikin kilas, ya kuka yi da ita a JVM?

Sabon_shiga: Salam ƴan uwa. Ina rubuta ƙaramin kompaila ne (manhajar da ke fassara kod) yana fitar da baitkod na JVM, wato umarnin da injin gudanar da Java yake karantawa, to yaren nawa yana da fankshin masu zaman kansu, shi kuma JVM komai sai ya shiga kilas, wato rukunin da ke haɗa bayanai da fankshin ɗinsu wuri ɗaya. Wanda ya taɓa shiga wannan don Allah ya faɗa min yadda ya yi.

Malam_Baitkod: Wa alaikassalam. Ni dabarar yaren Kotlin na bi, kowane fayil na yi masa kilas ɗaya na zuba fankshin ɗin ciki a matsayin static, wato metod (fankshin na cikin kilas) da ake kira ba tare da obijek ba, kamar yadda Utils.kt ke zama UtilsKt. Amma inda na sha wuya shi ne lambar gurbi, wato wuraren da metod ke ajiye agumen ɗinsa, a metod na obijek gurbi na 0 na this ne (obijek ɗin da aka kira metod ɗin a kansa), a static kuwa agumen na farko ne ke zama a 0, ni kuma kod ɗaya nake amfani da shi wa duka biyun yana fara ƙirga daga 1, wallahi kwana uku ina fama da VerifyError, kuskuren da JVM ke bayarwa idan baitkod bai yi daidai ba. Kar ka manta lambobi nau'in long da double gurbi biyu biyu suke ci.

Ƴar_Zinder: Nawa kuskuren IncompatibleClassChangeError ne, na kira static da invokevirtual, wanda umarnin kiran metod na obijek ne. Tun daga nan tun a teburin sunayen da kompaila ke ajiyewa nake rubuta ko abu metod ne ko fankshin, kafin a zo fitar da kod an riga an yanke.

Injiniya_A: Ni a .NET na Microsoft na yi nawa kompailan, ba a JVM ba. Na ga metod ba virtual ba ce (ba wadda ƙaramin kilas zai iya sauyawa ba) sai na sa umarnin call, ashe kompailan yaren C# umarnin callvirt yake sawa ko a irin wannan saboda yana duba null, wato ko babu obijek ɗin, tun wajen kiran. Nawa sai obijek ɗin null ya wuce cikin metod ɗin, kuskuren ya fashe can ciki nesa da inda aka yi shi, neman sa ya gajiyar da ni sosai.

Malam_Baitkod: Ƙanina wani abu kuma, ranar da za ka miƙa fankshin a matsayin agumen, static kaɗai ba zai isa ba. Da ina ƙirƙirar kilas wa kowacce, fayiloli suka yi yawa, daga baya na koma umarnin invokedynamic da ya shigo a Java 7, shi Java 8 ke amfani da shi wajen lambda, wato fankshin mara suna.

Sabon_shiga: Allah ya saka da alheri. Na duba da javap -c (mai nuna baitkod ɗin kilas) yanzu, nima daga 1 nake ƙirgawa, bari in gyara wannan tukuna.