Me za mu kira GPS na cikin ɗaki?

Salamu alaikum ƴan uwa. Wani ƙanena ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram (Zinder) ya kawo mini takarda ta Faransanci in juya masa zuwa Hausa, don wani shirin rediyo. Layin farko ya tsayar da ni. Magana ce kan fasahar da ke gano inda mutum ko kaya yake a cikin gini, inda "jepeyes" (GPS) ɗinmu ke makancewa. Taurarinsa suna sama da nisan kilomita kusan 20,000, saƙonsu kuma ba ya ratsa kwano da siminti da ƙarfi. Duk wanda ya shige cikin rumfunan Kasuwar Dole da waya a hannu ya ga yadda ɗigon nan mai nuna inda yake a taswira ke tsalle.

Sunan fasahar UWB (Ultra-Wideband a Turanci). Ana kafa ƴan na'urori uku ko huɗu a bango, wadda ke jikin kaya tana aika musu ƙyaftawar rediyo, su auna lokacin tafiyarta. Saƙon rediyo yana cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, shi ya sa kuskurenta bai cika wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Apple ya sa ta a iPhone 11 a 2019, sai AirTag, ƴar na'urar gano inda kaya suke, a 2021.

Da na zo neman sunan Hausa na GPS ɗin cikin ɗaki, da farko na ce "lalube". Wani malaminmu ya ce a'a ɗana, mai lalube bai san inda yake ba, wannan kuwa ta sani. Gaskiyarsa. Na koma "jagoran cikin gida", ƙanen nan ya yi dariya, wai kamar sunan minista. To, "jagoran cikin gini". A nan na tsaya, don ɗan jagora aikinsa ke nan: ya kai ka inda idonka bai kai ba.

UWB kanta ba ta ba ni wahala ba. Kunnenmu ya saba da gajeren zango da matsakaicin zango tun zamanin rediyon kakanni, ita kuma faɗinta ya kai megahaz 500 ko fiye, sai in ce "faffaɗan zango". Na san masana za su ce zangon can tsawo yake nufi, ba faɗi ba. Na yarda, amma mai saurare zai gane. Ƴan unguwar Zango kuma ku yi haƙuri, ba da ku nake ba.

Wadda ta fi yi mini daɗi ita ce ta na'urorin bango: "turke". An kafa shi ba ya motsi, daga gare shi ake auna tsawon igiya.

Saura ɓangaren rada (radar), inda saƙo ke dukan bango ya dawo a zana fasalin ɗaki, irin na jemage. Na rubuta "taswirar amsa-kuwwa", amma ta yi wa bakin mai gabatarwa tsawo. Malamai da iyayenmu na Birni, akwai gajeruwa?