"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": ta dace da bakin mai wa'azi?

'Yar Zumunta, Agege: Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ranar Juma'a maƙwabciyata ta ja ni addu'ar dare a wata majami'a. Wa'azi bai yi nisa ba aka fara raba ambulan, aka jera kwalaben man shafewa a kan tebur, kowace da farashinta, wani yaro kuma yana zagayawa da na'urar POS. Sai mai yi wa mutanenmu fassara ya ce ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wai sai ka shuka iri kafin Allah ya buɗe maka. A gabana wani mai gadi ya zaro kuɗin da ya ce zai tura wa iyalinsa gida, ya zuba duka. Abin ya tsaya mini a rai. Iyayena, haka ake amfani da wannan magana?

Dattijo, Idi-Araba: 'Yata, an juya ta ne. Nufinta, mai jin ƙishirwa da yunwa ba ya iya jan guga, sai da ɗan abin da ya riƙe masa ciki. Manomi yakan faɗe ta kan irin shuka, ɗan kasuwa kan jari. Ba ta ce ka zubar da na cikinka ba. Wanda ya karɓe kuɗin abincin 'ya'yan mai gadi, ruwan cikin nan ya ƙwace.

Ɗan Mile 12: Baba, a gafarce ni, ina ganin tana da wurin zama a ikilisiya. Hayar ɗakin sujada a Legas ba wasa ba ce, ga man janareta, ga fasto da iyali. Bulus ya ce masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara, 1 Korintiyawa 9:14. Mai bishara da yunwa a ciki, yaya zai ja wa wasu ruwa?

Dattijo, Idi-Araba: Ɗana, nan na yarda da kai. In a kan ciyar da ma'aikaci ne, faɗe ta da ƙarfi. Baiko da zakka hakki ne a kanmu, kuma abin kunya ne mu bar fastocinmu na ƙauye suna wata da watanni ba albashi. Abin da na ƙi shi ne a mai da Allah rijiyar da sai ka biya kafin ka ɗiba. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, Ayyukan Manzanni 8:20. A Legas ɗin nan 'yan mishan uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka a 1893, suna neman hanyar arewa. Biyu daga cikinsu suka mutu a 1894. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito. Nawa suka ce kakanninmu su biya?

Malamin Makarantar Lahadi, Obalende: Tunda maganar rijiya ake, mu buɗe Yahaya 4. Matar Samariya ta ce wa Yesu ba shi da guga, rijiyar kuma da zurfi. Bai nemi ko anini a hannunta ba, ya yi mata alkawarin ruwan rai, kuma a bakin rijiyar nan ya ce Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. In dole sai mun kawo karin maganar nan cikin sujada, ruwan cikin shi ne tuba da zuciya ɗaya.

Ɗan Mile 12: Malam, gwauruwar nan ta Markus 12 fa? Duk abin da take da shi ta zuba, Yesu ya yaba mata.

'Yar Zumunta, Agege: Ɗan'uwa, ba wanda ya yanka mata farashi, ba wanda ya yi mata alkawarin riɓi ɗari. Duba ayoyin da ke sama kaɗan, Yesu ya tsawata wa masu cinye gidajen gwauraye. Zan kai maganar taron Zumuntar Mata, mu ga ko za mu iya haɗa wa bawan Allahn nan abin da zai tura gida, don maƙwabciyata ta san gidan da yake gadi.