Tagwayena kamar an tsaga kara, to daga ina bambancin ya shigo?

Maman Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum. Wata tambaya ce ta daɗe tana cina, yau na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu masu sani.

Ina da tagwaye mata, watan jiya suka cika shekara biyar. Kamanninsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Mahaifinsu kansa sai da suka yi wata huɗu kafin ya daina kiran wannan da sunan waccan. Ranar da na haife su ungozoma ta ce min mabiyiya ɗaya suka zo da ita, wai ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu. Lokacin ina fama da kaina, ban iya tambayar komai ba.

Amma ni da nake yi musu wanka kullum na san ba ɗaya suke ba. Babbar tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu, ƙaramar ba ta da ita. Ƙaramar bahaguwa ce, tun tana rarrafe hagu take miƙawa. An haifi babbar da kilo 2.6, ƙaramar 2.1, kuma har yau in na ɗaga su ina jin bambancin a hannuna. Shekaranjiya suka fasa biro, suka dangwala manyan yatsunsu a takarda. Maimakon in yi faɗa sai na samu kaina zaune ina haska zanen da fitilar waya. Na babbar ya murɗe ya yi zagaye, na ƙaramar ya kwanta gefe guda.

To in ƙwai ɗaya ne, ta yaya abu ɗaya ya zama mutum biyu ba tare da kowacce ta samu rabi ba? Kuma in komai nasu ɗaya ne tun farko, daga ina wannan bambancin ya shigo?

Sai ta ƙarshe. Yayata ma tana da tagwaye, mace da namiji, ko kaɗan ba sa kama. Maigidana ya ce daga wajensa tagwayena suka fito domin mahaifinsa tagwai ne, ni kuma na ce ga yayata nan shaida. Mun daɗe muna wannan musu. Don Allah a yi min bayani da Hausar da zan gane, karatuna na kimiyya a aji uku na sakandare ya tsaya.

Malamin Bayoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya su. Tambayarki ta farko ita ce wadda nake so ɗalibaina su yi min, ba kasafai suke yi ba.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin kimiyya. Babban mutum yana da fiye da tiriliyan 30. A tsakiyar kusan kowane irin ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai wasu zaruruwa guda 46 da ake kira kuromosom. A jikinsu ne aka rubuta duk umarnin gina mutum, wato abin da ake ce wa DNA. Wannan adadin ma ba a daɗe da tabbatar da shi ba. Shekaru da dama littattafai suna cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a ƙasar Suwidin suka ga 46.

Ƙwan mace da ƙwayar maniyyi su ne suka fita daban, kowanne 23 yake ɗauke da su. In suka haɗu a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, sai lissafi ya cika 46 a ƙwaya ɗaya tilo, wadda girmanta bai wuce ɗigon bakin allura ba. Daga ita kowannenmu ya fara.

Yanzu ga amsar maganar rabi. Ƙwaya ba ta rabuwa sai ta fara kwafe zaruruwan nan gaba ɗaya. Kamar wanda zai raba littafi ga ɗalibai biyu ne: ba ya yaga shi a tsakiya, sake rubuta shi yake yi kowa ya samu cikakke. Wajen kwana ɗaya bayan haɗuwar ƙwayar ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kowace da 46 ɗinta cif. A waɗannan kwanakin farko ba a riga an raba musu aiki ba, babu wadda aka ce ke ce ido, ke ce ƙashi. Shi ya sa in dunƙulen ya rabu gida biyu, kowane ɓangare yana da cikakken umarni, kuma yana iya gina mutum sukutum. 'Ya'yanki ba rabi da rabi ba ne, kowacce ta samu duka.

Na yayarki kuwa wani labari ne daban. A wannan watan jikinta ƙwai biyu ya saki maimakon ɗaya, kowanne ya haɗu da tasa ƙwayar maniyyin. Wa da ƙanwa ne kawai da suka zauna ciki ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma rashin kamarsu ba abin mamaki ba ne. Lokacin da jiki yake rage 46 zuwa 23, da yake zaruruwan biyu-biyu suke, daga kowane biyu ɗaya yake ɗauka, ko na uwa ko na uba, ba tare da tsari ba. Wannan kaɗai yana ba da hanya 8,388,608 da ƙwai ɗaya zai iya fitowa, haka ma ƙwayar maniyyi, ban ma lissafa musayar guntaye da zaruruwan ke yi tsakaninsu ba. Tunda ɗaya mace ce ɗaya namiji, ko ba a ga fuskarsu ba an san ƙwai biyu ne. Ƙwan mace kullum kuromosom ɗin da ake kira X yake ɗauke da shi, ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da X a samu mace, ko ta zo da Y a samu namiji. Ƙwai ɗaya da ya rabu jinsi ɗaya zai bayar.

Musunku da maigida kuwa, sai dai ku yi haƙuri ku biyun. Irin tagwayen da ke bin jini su ne na ƙwai biyu, domin abin da ake gada shi ne jikin mace ya riƙa sakin ƙwai fiye da ɗaya. Namiji yana iya gadon wannan ya miƙa wa 'yarsa, amma ba shi da ikon sa jikin matarsa ya saki biyu. Na ƙwai ɗaya kuma galibi ba sa bin dangi, kusan uku zuwa huɗu ne a cikin haihuwa dubu, kuma adadin kusan ɗaya ne a ko'ina a duniya. In har naki na ƙwai ɗaya ne, to ba kakansu ba ne ya jawo, ba kuma jinin yayarki ba.

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Amma 'yata, akwai inda nake so in ja birki, domin na ga ya ce "in har", kuma yana da gaskiya da ya faɗi haka.

Na karɓi haihuwar tagwaye ba adadi. Mabiyiya biyu in suka kama bangon mahaifa kusa da juna sukan manne, su fito kamar guda ɗaya. Wadda ke cikin sauri, ga uwa tana zubar da jini ga jarirai biyu suna kuka, tana iya kallo ɗaya ta ce ɗaya ce. Sai an shimfiɗa ta a faranti an duba tantanin da ya raba jakunkunan ruwan biyu. In siriri ne kana hango yatsanka ta cikinsa, mabiyiya ɗaya ce da gaske. In mai kauri ne, ana iya ɓare shi fallaye-fallaye, to biyu ne suka haɗe. Mafi tabbas ma shi ne sikanin da aka yi da wuri, tsakanin mako na 11 da na 14. In kina da takardar ki duba.

Sannan kada a ɗauka mabiyiya biyu na nufin ƙwai biyu dole. Abin da aka koya mana shi ne ya danganta da ranar da rabuwar ta faru. In a kwana ukun farko ne, kowanne yana yin mabiyiyarsa da jakarsa. In tsakanin kwana huɗu da takwas ne, mabiyiya ɗaya jaka biyu, kuma wannan ya fi yawa. In ya wuce haka, jaka ɗaya suke zama ciki, wannan cikin ana sa masa ido sosai saboda cibiyoyinsu na iya sarƙewa. In rabuwar ta makara har ta haura kwana goma sha uku, shi ne ake haifar su manne da juna.

Maganar nauyi kuwa a nan take. Masu mabiyiya ɗaya ba kasafai suke raba ta daidai ba. Cibiyar ɗaya takan kama tsakiya inda jini ya wadata, ta ɗayan ta kama can gefe. Wani lokaci ma akwai jijiyoyin da ke haɗa jininsu, ɗaya ya riƙa turawa ɗayan, ɗaya ya fito jawur ɗaya fari fat. Na ga wannan da idona, kuma ba ya yi wa kowannensu kyau. Rabin kilo tsakanin naki ba komai ba ne tunda ga su suna fasa biro. Ki gode wa Allah, ki daina auna su a hannu kina damuwa.

Maman Tagwaye ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Mama. Na tono jakar takardun awo. Akwai sikanin na mako 12, an rubuta mabiyiya ɗaya jaka biyu, maigidana ne ya karanta min. Ke nan a cikin kwana huɗu zuwa takwas suka rabu, lokacin ni ko sanin ina da ciki ban yi ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma Malam, har yanzu ba a taɓo min yatsa da tawadar Allah ba. Nauyi na gane, abinci ne bai zo daidai ba. Zanen yatsa fa? Ai shi ba ƙiba ba ne.

Malamin Bayoloji ya sake amsawa:

Gaskiyarki, na tsallake. Kuma nan ne abin ya fi daɗi.

Umarnin da ke cikin DNA ba hoton mutum ba ne da aka gama zanawa. Ya fi kama da bayanin yadda za a yi aiki, kuma aikin a cikin wani yanayi ake yin sa. Zanen yatsa yana fara fitowa wajen wata na uku na ciki. Gado yana da hannu a irin fasalin da zai ɗauka, shi ya sa na tagwaye ya kan yi kusa da juna. Amma ainihin inda kowane layi zai karkata ko ya rabu ya danganta da yadda tsokar kan yatsan ta kumbura a lokacin, da saurin girman fatar, da yadda jaririn ya kwanta. Waɗannan ba sa taɓa zuwa daidai ga mutum biyu. Ki duba naki hannun ma, babban yatsan dama da na hagu DNA ɗinsu ɗaya ne, amma zanensu ba ɗaya ba.

Tawadar Allah kuwa taron ƙwayoyin da ke ba fata launi ne da suka cunkushe wuri guda. Tun daga ranar da 'ya'yanki suka rabu, ƙwayoyin kowacce ke ta kwafe kansu, sau biliyoyi. Mai kwafe littafi komai ƙwarewarsa wata rana zai canza harafi. Yawancin waɗannan canje-canje ba sa yin komai, wani kuma ya sa ƙwaya ɗaya ta yi 'ya'ya fiye da maƙwabtanta, sai ga ɗigo a bayan kunne. Ya faru a jikin babbar bayan rabuwa, don haka ƙaramar ba ta da rabo a ciki.

Akwai kuma wani abu da ya shafi mata kaɗai. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, amma ƙwaya ba ta aiki da biyun. Tun ciki yana ɗan ƙarami kowace ƙwaya take kashe ɗaya ta bar ɗaya, kuma zaɓin kamar jefa kwabo ne. Wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ita ta bayyana wannan a 1961 daga binciken launin gashin ɓeraye. Ke nan a jikin babbar wani yanki yana aiki da X ɗinki, wani yankin da na mahaifinta, kuma yadda aka rarraba a jikin ƙaramar daban ne. Duk lokacin da na koyar da wannan a aji sai na ga 'yan mata sun dubi hannuwansu.

Bahagunci shi ma ba gado kaɗai ke yanke shi ba. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma ana samun tagwayen ƙwai ɗaya da yawa da ɗaya ke amfani da dama ɗaya da hagu. Roƙona kada a tilasta mata canzawa wajen rubutu, ba cuta ba ce.

Maman Tagwaye ta rubuta:

Ba zan tilasta mata ba, da ma ban taɓa ba. Allah ya ƙara ilimi Malam.

Daren jiya da suka yi barci na kwanta tsakaninsu, na kama hannun kowacce ina dubawa. Na tuna Malam ya ce in duba nawa, sai na dangwala yatsuna biyu a gefen nasu a wannan takardar. Na dama ya yi zagaye irin na babbar, na hagu ya kwanta gefe, amma da na matso da fitila babu wanda layukansa suka bi na wani. Na rubuta kwanan wata a ƙasa, na sa takardar cikin jakar awon tare da hoton sikanin.

Da safe na karanta wa maigidana maganar gado. Ya yi shiru, can ya ce to ke nan su yaran ne za su iya haifar tagwaye ta wajen mahaifinsa? Na ce sai in shi mahaifin nasa na ƙwai biyu ne. Yanzu haka ya fita kiran gwaggonsa a waya ya tambaye ta ko babansa da ɗan'uwan haihuwarsa suna kama.