Kik ɗin motata ya fara ƙin aiki, yaya ake tura ta ba tare da ɓarna ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata mai giyar hannu ce, ta fetur. Kusan sati biyu ke nan, idan na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, daga nan shiru. In sake murɗawa sau uku ko huɗu, wani lokaci ta kama, wani lokaci ta ƙi. Abin ya fi tsanani idan injin ya ɗau zafi. Jiya ta ƙi ƙememe, wasu samari uku suka tura ni, na saka giya ta ɗaya na saki kuloci, motar ta yi wata irin fizga har tayoyi suka ja ƙasa, ta tsaya cak. Sai da wani bawan Allah ya karɓi sitiyarin, turi ɗaya ta tashi. Kunya ta hana ni tambayarsa abin da ya yi. Mene ne kuskurena? Sannan zan iya lallaɓa ta da turi zuwa ƙarshen wata, ko ina kashe wani abu ne ban sani ba?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Yaro, giyar ce ta kayar da kai. Giya ta ɗaya tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin taya ta juya inji, shi ya sa injin ya turje tayar ta ja ƙasa. Giya ta biyu ake sakawa. Ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ka taka kuloci ƙasa, ka sauke birkin hannu, sannan ka ce a tura. Kada ka yi gaggawa. Ka bari sai masu turin sun fara sassarfa, wajen kilomita 10 zuwa 15 a awa, sai ka ɗage ƙafarka daga kuloci lokaci guda. Da ka ji injin ya amsa, maza ka mayar da ƙafar kan kuloci, ka ɗan taɓa totur. Mafi yawan masu koyo a nan suke faɗuwa: mota ta tashi, murna ta sa su manta da kuloci, ta sake mutuwa, masu turi kuma sun riga sun gaji.

Wani ɗan rukuni: Ni dai a hankali nake sakin kulocin, don kada giya ta ji jiki.

Tsohon direba: Idan ka saki a hankali, farantin kulocin gogawa kawai yake yi, gudun da mutane suka tara maka da guminsu ya tafi a banza. Ka saki da sauri, amma ba na ce ka zame ƙafa ya buga ba.

Wani ɗan rukuni: Malam batir ne kawai, ka canza ka huta.

Mai gyaran wayarin mota: Kada ka sayi batir tukuna, ɗan'uwa. Batir mai rauni yawanci "ƙas-ƙas-ƙas" yake yi da sauri, ko ya juya inji da kyar kamar mai jin barci. Ƙara ɗaya sannan shiru, ta fi nuna cewa solonoyid, wato makunnin da ke kai wa kik wutar batir, ya buga amma kik ɗin bai juya ba. Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: da dare ka kunna manyan fitilu, ka murɗa makulli, wani ya tsaya a gaba yana kallo. Idan haske ya dushe sosai, ka fara zargin batir ko kawunansa. Idan haske na nan tar, matsalar tana wajen kik ko wayoyin da ke zuwa gare shi. In akwai mita, batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 mota a kashe, idan kuma inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na aiki.

Abin da ka faɗa game da zafi shi ya ja hankalina. A cikin kik akwai ƙananan gawayi da muke kira burushi, su ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa. Idan sun cinye, taɓawarsu ba ta da tabbas, kuma zafi na ƙara wa wuta wahalar wucewa. Shi ya sa za ka ga an ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana yayin da wani ke murɗa makulli, sai mota ta tashi. Ba sihiri ba ne, girgizar ce ke zaunar da burushin. A ƙwanƙwasa a hankali, wasu na da maganaɗisu a ciki da ke iya fashewa, kuma a tabbata giya na firi an ja birkin hannu. Kafin a kwance komai, a duba kawunan batir da wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Sau da yawa na kwance kik na same shi lafiya ƙalau, ashe tsatsa ce a kan waya ɗaya.

Wata 'yar rukuni: Yaya, babu wanda ya yi maka maganar birki. Inji ne ke ba birki sauƙin takawa. Idan a kashe yake, taku ɗaya ko biyu za ka yi ya koma kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Na taɓa sakin tawa a gangara ni kaɗai, da na ga mararraba na taka birki na ji bai tafi ba, sai da na miƙe a kansa da dukkan ƙarfina. Kuma kada ka kuskura ka tura da kanka sannan ka yi tsalle ka shiga. Makulli ma ya kasance a buɗe tun kafin a fara, in ba haka ba sitiyari zai iya kullewa kana cikin tafiya.

Wata 'yar rukuni: Don Allah mai otomatik fa?

Mai gyaran wayarin mota: Hajiya, otomatik ba ta tashi da turi. Sai dai a haɗa mata wani batir in batir ne, in kik ne a gyara a inda take ko a ɗauke ta.

Bakanike: A kan tambayarka ta biyu. Turi ɗaya ko biyu don ka fita daga hanya ba laifi. Amma kullum, har sati uku? Ban ba ka shawara ba. Duk turin da bai kama ba, ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa, ya taru a matatar hayaƙi, idan ya kama wuta a can yana iya narkar da cikinta, kuma ta fi kik tsada nesa ba kusa ba. Fizgar kuma tana bi ta kuloci da robobin da ke riƙe da inji, idan bel ɗin tamin, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyawar sassan inji, ya tsufa yana iya tsallake haƙori. Sannan ka sani, turi na aiki ne saboda batirinka na da wuta. Ranar da ya mutu murus, fam ɗin mai da kwamfutar motar ba za su samu wuta ba, ko mutum goma ne suka tura ka a banza. Burushi da solonoyid ana canza su daban, ba lallai sai ka sayi sabon kik ba. Kafin nan ka riƙa ajiye motar tana fuskantar gangara, babu wata mota a gabanta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na gwada giya ta biyu yau da safe, mutum biyu kacal, ko taku ashirin ba su yi ba ta tashi. Na yi gwajin fitila daren jiya, hasken bai dushe ba ko kaɗan. Da ta tashi yau ban kashe ta ba sai wajen mai gyara. Ya kwance kik ɗin a gabana, burushi biyu cikin huɗu sun cinye saura ɗan guntu, wayar jikin motar kuma ta yi kore. Ya ce in dawo da yamma. Wanda ya ce in canza batir, na kusa bin maganarka, har na tambayi lambar batirin.