Musayar Waƙa: Likitan Numfashi

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka sallamo Inna bayan kwana tara a ɗakin kulawa ta musamman. Na rasa tukuicin da zan ba likitanta, sai baiti. Amsa-amon "shi" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah nika farawa,
Mai kashewa, Mai rayawa,
Shi ya hura wa Adamu numfashi.

Hunturu ya rufe gari da ƙura,
Inna na tari, ƙirji na ƙara,
Daga zaure kana jiyo nishi.

Likita ya maƙala na'ura a yatsa,
Ya ce oksijin, maza a matsa,
Bai zauna ba sai da hantsi ya tashi.

Gwaggo Nas, Runjin Sambo:
Sannu ɗana, Allah shi ƙara sauƙi. Na yi aiki da likitan nan shekaru.

Shekara 6 yana karatun likita,
Hidimar ƙasa ma ya je ya yi ta,
Sannan ya zaɓi huhu ya riƙe shi.

Abokai sun haye Ingila da Saudiyya,
Shi ya zauna Sakkwato yana jinya,
A tada shi tsakad dare, ba ya jin haushi.

A 2020 da korona ta shigo,
Fuska a rufe, gumi yana zubo,
Diyanshi sun yi wata ba su gan shi.

Malam na Kanwuri:
Gwaggo ta faɗi gaskiya. Bari in kawo asalin ɗakin kulawa ta musamman.

A 1952 shan-inna ta yi ɓarna,
Birnin Kofanhegan na Denmark, dare da rana,
Ɗalibai na matsa jakar iska don mai nishi.

Likita Ibsen ya kawo dabara,
A tara masu tsanani a lura,
Daga nan wanga fanni ya tashi.

Likita Koch a 1882 ya gano ƙwaya,
Ta tarin fuka mai rama da wuya,
Yau magani wata 6 kyauta, ba bashi.

Likita:
Malam, Gwaggo, kun ba ni kunya. Warkarwa ta Allah ce. Amma tunda an buɗe fage, ga abin da ke hana ni barci, kuma a kansa nike bincike.

Inna ba ta taɓa shan taba ba,
Amma huhun bai nuna haka ba,
Hayaƙin itace ne ya cinye shi.

Shekaru tana tuƙa tuwo a ɗaki,
Ba taga, bango ya yi baƙi,
Goyo a baya shi ma yana shaƙar shi.

Ƙauye-ƙauye nike bi da na'ura,
Mata su cika ƙirji su hura,
In auna abin da ya rage na numfashi.

Tarin da ya kai mako biyu,
A kawo majina tun ana da kyau,
Kar a bari sai jini ya bi shi.

Ɗan Mabera:
Wallahi Likita, ban taɓa kawo murhun a raina ba.

Gobe da asuba zan kira magini,
Ya fasa taga, komi tsadar gini,
Murhun Inna tsakar gida za mu kai shi.